Nasiha Ga 'Ya'yanmu Na Arlit A Kan Gumi Da Warin Jiki

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙagi jikin ɗan Adam bisa hikima, bai ajiye a cikinsa ko da silin gashi don wasa ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa wanda ya karantar da al'ummarsa komai, har ladubban wanka da aski da yankan farce. Bayan haka, ya ku 'ya'yana samari da 'yan mata na Arlit da Akokan, ina so in yi muku magana a kan wani al'amari da kunya ta hana iyaye da yawa buɗe baki a kansa, alhali kuwa rashin saninsa ya sa wani yaro ya ƙaurace wa sa'o'insa, wata yarinya ta tsani jikinta, wani kuma ya faɗi a rana saboda bai san abin da jikinsa ke roƙonsa ba. Al'amarin nan shi ne gumi, da wuraren da yake fitowa a cikin fata, da warin da yakan biyo bayansa.

Babu mutanen da suka fi ku cancantar sanin wannan ilimi, domin garinku ba a gefen kogi aka kafa shi ba, ba kuma don noma ko kiwo ba. A shekarar 1969 aka kafa Arlit a yammacin duwatsun Azbin, wajen kilomita 240 arewa da Agadez, saboda yuraniyom da aka gano a ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi daga buɗaɗɗen rami a 1971, kamfanin COMINAK kuma, wanda albarkacinsa Akokan ya zama gari, ya fara nasa a 1978 daga ramin Akuta mai zurfin kusan mita 250, bai daina ba sai a ƙarshen watan Maris na 2021. Kakanninku da iyayenku sun taho daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da tsaunukan Azbin, suka zauna a wurin da zafin bazara ke haura digiri 40 kwana da kwanaki, wurin da shekara takan wuce ba a ga ruwan sama na kirki ba, wurin da ruwan sha ma sai an jawo shi daga can ƙarƙashin ƙasa, inda ya taru tun zamanin da hamadar nan take da dausayi. Duk wanda ya rayu a irin wannan wuri, ma'aikacin rami ne ko ɗan dako a tasha, ɗan kabu-kabu ne ko mai tuyar ƙosai, to da gumi yake raye, ko ya sani ko bai sani ba.

Ku sani, Allah ya yi muku albarka, cewa a cikin fatar kowannenku akwai waɗansu 'yan maɓuɓɓugai ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, kowace ɗaya siririn bututu ce da ta naɗe kanta a ƙasan fata, sa'an nan ta miƙo bakinta sama. Malaman ilimin jiki sun kasa su gida biyu, kuma duk abin da zan faɗa muku a kan wannan rabo ya ginu. Kashi na farko suna kiransa ekirin. Waɗannan su ne masu yawa, tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4 a jikin mutum ɗaya, sun bazu tun daga tsakar ka har tafin ƙafa, sun fi cunkushewa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi, tun mutum yana jariri suke aiki, abin da suke fitarwa kuwa kusan duka ruwa ne, sai ɗan gishiri kaɗan. Wannan ruwa ba shi da wari ko kaɗan.

Aikinsu shi ne tsaron ranku daga zafi. Allah ya ƙaddara wa jikin ɗan Adam ya tsaya a wajen digiri 37, ya kuma sanya wani ɗan gurbi a gindin ƙwaƙwalwa mai lura da zafin jini dare da rana, wanda da zarar ya ji jinin ya ɗumama fiye da ƙima, ko don rana ko don aiki ko don zazzaɓi, sai ya aika wa maɓuɓɓugan nan umarni ta jijiyoyi, su kuwa su zubo ruwa a kan fata, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke kwashe zafin ta tafi da shi. Kun san salkar da Buzaye ke ratayewa a jikin raƙumi ko a gefen mota, yadda fatarta ke tsatsafo da damshi, iska na bugunta, ruwan cikinta na sanyi a tsakiyar rana. To haka jikinku yake, ba ragi ba ƙari, sai dai ita salka idan ta ƙare a sake cika ta a rijiya ta gaba, ku kuwa idan ruwanku ya ƙare ba a daɗe ana jira.

A nan ne iskar garinku take yaudarar mutum. A ƙasashen kudu masu damshi gumi yakan tsaya a jiki ya jiƙa riga sharkaf, mai shi ya gani ya nemi ruwa; a Arlit kuwa iska busasshiya ce ƙwarai, tana lashe gumin tun kafin ya taru, sai saurayi ya yini yana sauke buhuna a tasha yana cewa shi bai yi zufa ba. Ku dubi bayan rigarsa da yamma, za ku ga farin zane ya kewaye kafaɗu da ƙugu, ya yi tauri har yana ƙaiƙayi. Wannan gishirin jikinsa ne da ruwa ya tafi ya bari, kuma shaida ce cewa ya zubar da abin da bai lissafa ba, domin mai aikin ƙarfi a cikin zafi yakan rasa fiye da lita ɗaya a sa'a guda. Saboda haka kada ku jira ƙishi ya kira ku, ku riƙa sha kaɗan-kaɗan tun da safe, ku kuma riƙa duban fitsarinku, in ya yi kaɗan ya yi ja kamar shayi to jiki na bin ku bashin ruwa. Wanda ya galabaita ƙwarai, ko ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa, a dama masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Baƙo kuma da ya zo daga kudu ku ja masa kunne kada ya yi gasa da 'yan gari a makon farko, domin jiki yana bukatar mako ɗaya ko biyu kafin ya saba da yin gumi da wuri yana tattalin gishirinsa.

Idan kuwa kuka ga mutum a rana jikinsa ya yi zafi zau, ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma, ko da gumi a jikinsa ko babu, kada ku tsaya gardamar ko iska ce ta taɓa shi. Ku ja shi inuwa, ku sassauta masa tufafi, ku kwarara masa ruwa, ku yi masa fifita, ku garzaya da shi asibiti, kada kuma ku ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Mai azumi ma da ya ji alamar halaka, malaman Malikiyya sun ce buɗe baki ya wajaba a kansa, ya rama daga baya. Hamada ba ta wasa da maganar zafi da ƙishi, kuma ba ku da bukatar a kawo muku misali daga nesa: a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a arewacin garinku a kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ruwansu ya ƙare. Allah ya jiƙansu. Ina tuna muku da su ne don ku masu ɗokin tafiya wuraren haƙar zinariya irin su Cibarakaten ku san cewa jarkar ruwa ta fi kowane kaya da za ku ɗauka daraja.

Kashi na biyu na maɓuɓɓugan nan shi ake kira afokirin, kuma shi ne asalin maganar wari. Waɗannan ba su bazu ko'ina ba, an keɓe su a hammata da matsematsi da kewayen al'aura da kan nono, ba sa buɗewa kai tsaye a kan fata sai ta ramin da gashi ke tsirowa, abin da suke fitarwa kuma ba tsararon ruwa ba ne, wani abu ne mai ɗan kauri da maiƙo, kaɗan ne, bai da wani babban tasiri wajen sanyaya jiki, ya fi zubowa lokacin tsoro ko fushi ko tashin hankali. Abin mamaki game da su shi ne, tun haihuwa suna nan a jiki amma suna barci, ba sa farkawa sai shekarun balaga sun kawo jiki. Shi ya sa ƙaramin yaro zai yini yana guje-guje a rana ya dawo ba abin da ake ji a jikinsa sai ƙura, amma yayansa mai shekara 13 ko 14 ya shigo ɗaki kowa ya san ya shigo. Malamanmu na fiƙihu sun lura da wannan tun kafin a ƙera madubin da zai nuna maɓuɓɓugan, har waɗansu daga cikin malaman Malikiyya suka lissafa canjin warin hammata a cikin alamomin balaga, tare da tsirowar gashin mara da kaurin murya. To, wanda ya ji wannan canji a jikinsa kada ya ɗauka wata cuta ce ta same shi ko la'ana. Sanarwa ce cewa ya shiga sahun mukallafai, alƙalami ya fara rubutu a kansa, kuma kulawar jikinsa ta tashi daga hannun mahaifiyarsa ta koma nasa.

Duk da haka, shi kansa wannan maiƙon a lokacin da yake fitowa ba shi da wari. A kan fatar kowane mutum, sarki ne ko bafade, akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya, waɗanda suka fi son wuri mai ɗumi da damshi da duhu, hammata kuwa ta haɗa duka ukun. Su ne ke cin wannan maiƙo su narkar da shi, abin da suka bari a baya shi ne tsamin nan da hanci ke ji. Gashi idan ya yi yawa yakan riƙe maiƙon ya ƙara musu wurin zama, rigar da aka maimaita ba wanki takan zame musu rumbu. Haka warin ƙafa yake, ko da yake can ruwan ekirin ne ke taruwa a cikin safa da rufaffen takalmi, ya jiƙa fata ta yi laushi, halittun nan su samu abinci. Likitoci suna kiran warin da ya wuce misali har ya dami mai shi buromhidirosis, ma'anarsa gumi mai wari, amma kun ga dai gumin ba shi ne mai laifi ba, abin da aka bari ya kwana a kan fata shi ne. Mutane kuma sun bambanta a halitta, har an gano cewa mafi yawan mutanen Koriya da wani babban kaso na mutanen Sin da Japan sun gaji wata ƙwayar halitta da ke rage musu warin hammata ƙwarai, ba don sun fi kowa wanka ba. Saboda haka ƙarfin wari a jikin wani ba koyaushe yake nuna ƙazanta ba.

Shari'a ta zo daidai da wannan bayani. A mazhabarmu gumin mai rai tsarkakke ne, ba najasa ba ne, ba ya karya alwala, ba ya ɓata tufafin salla, leburan da ya taso daga aiki jikinsa na naso ya shiga sahu sallarsa ta yi. Amma shari'ar da ta tsarkake gumi ita ce ta hana a bar abin da ke haifar da wari. A cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira an lissafa cire gashin hammata da aske gashin mara a cikin abubuwa biyar na fiɗira, tare da kaciya da rage gashin baki da yankan farce, Muslim kuma ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa an iyakance wa Sahabbai kada su bar gashin da farcen fiye da kwana 40. Waɗanda suka yi nisa a makarantar zaure za su tarar da babin fiɗira a ƙarshe-ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaid. Wuraren nan biyu da aka ce a cire gashinsu su ne daidai mazaunin maɓuɓɓugan afokirin. Wankan Juma'a ma, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin asalinsa, cewa mutane sun kasance suna tahowa daga unguwannin bayan Madina cikin ƙura da gumi har wari na tashi daga jikinsu, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da su yin wanka saboda wannan rana. Bai hana su aiki ba, bai kuma kore su ba. Ruwa ya nuna musu.

Na san wani zai ce ruwa na da tsada a unguwarsu, famfo ba kullum yake kawowa ba, jarka kuma sai an saya. Gaskiya ne, amma tsabtar da ake nufi ba ta bukatar kogi, domin an ruwaito cewa Annabi yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i ɗaya, wato mudu huɗu na mudun Annabi, abin da bai cika rabin bokiti ba. Ranar da ruwa ya yi ƙaranci, buta ɗaya da guntun sabulu sun isa a wanke hammata da matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa safe da yamma, a kuma tsane su sosai kafin a sa tufafi, domin damshi shi ne abokin wari. Ku fifita tufafin auduga masu yalwa a kan rigunan ƙwallo na roba da suka cika kasuwa, waɗanda ke kama wari su riƙe shi ko bayan wanki. Ba banza ba mutanen Azbin suka zaɓi manyan riguna da iska ke ratsawa. Rigar ciki da safa kada su kwana biyu a jiki, in an wanke a shanya su a rana, wadda Allah ya hore muku ita kyauta, takalmi kuma a buɗe shi ya sha iska. Turare sunna ce mai kyau, humra da turaren wuta ado ne na iyayenku mata, amma bayan wanka ake sa su, domin turare a kan datti wani wari na uku yake haifarwa wanda ya fi na farko muni. Abin shafawa na hammata da ake sayarwa a kanti iri biyu ne, wani yana rage halittun nan ya rufe wari da ƙamshi, wani kuma yana ɗauke da gishirin alminiyom mai toshe bakin maɓuɓɓugai na ɗan lokaci. A hammata kawai ake shafa su, a kan fata mai tsabta busasshiya, ba a kan sabon aski ko rauni ba.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da garinku. Ƙurar da ke tashi daga ramukan haƙa da tudun tarkacen da aka tara shekaru da dama a bayan gari ba kamar sauran ƙura take ba, jikin da ya yi gumi kuwa yana kama ƙura ya riƙe ta. Wanda ya yi aiki a irin waɗannan wurare, ko yake jigilar tsofaffin ƙarafan da suka fito daga can, ya wanke hannu da fuska kafin ya kai loma bakinsa, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa, kada ya kwana da kayan aiki, kada kuma a haɗa wankinsu da na yara. Kada ku yarda da masu cewa gumi yana fitar da dafi daga jiki, domin wannan aikin ƙoda ne da hanta, ƙoda kuwa ita ce gaɓar da yuraniyom ya fi wahalarwa idan ya shiga jiki, ita ce kuma wadda ƙarancin ruwa ke gajiyarwa.

Wani warin kuma saƙo ne daga cikin jiki, sabulu ba ya maganinsa. Tafarnuwa da albasa da hulba sukan fito a gumi da numfashi, wannan yana wucewa da kansa. Amma wanda warin jikinsa ya sauya haka kawai ba dalili, ko numfashinsa ya riƙa ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna ga yawan ƙishi da fitsari da rama, ko jikinsa ya riƙa zarnin fitsari ga kumburin ƙafa, ko ya riƙa jiƙa shimfiɗa da gumi cikin dare ga tari da ya wuce mako 2, to ya tafi wurin likita ba da jinkiri ba, domin waɗannan na iya zama alamun ciwon sukari ko ciwon ƙoda ko tarin fuka. Haka wanda tafin hannunsa ke zubar da ruwa ko cikin sanyin hunturu har takarda na jiƙewa a hannunsa, wannan ma larura ce sananniya da ake yi wa magani.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi nauyi a zuciyata, shi ne yadda kuke yi wa junanku. Hanci yakan saba da warin mai shi har ya daina jinsa, saboda haka mafi yawan waɗanda kuke toshe hanci dominsu ba su san halin da suke ciki ba, kuma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani. Allah ya hana mu izgili da jifan juna da munanan laƙabi a cikin Suratul Hujurati, amma sai ka ga an laƙaba wa yaro suna a aji ko a fada wurin shayi, sunan ya bi shi har girmansa, alhali wataƙila maraya ne da ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa, ko gidansu sabulun ma sai an yi shawara. Mai ƙaunar ɗan'uwansa sai ya ja shi gefe inda ba kowa, ya ce masa: "Ɗan'uwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zafin nan ba ya barin kowa, ni ma sai na wanke hammata sau biyu a yini. Ga sabulu, ka riƙa yin haka." Yaya ta yi wa ƙanwarta haka, kawu ya yi wa ɗan 'yar'uwarsa, malama ta yi wa ɗalibarta bayan an tashi. Shi kuma wanda aka yi wa nasiha ya karɓa da godiya, domin wanda ya faɗa maka a ɓoye ya rufa maka asiri ne daga masu faɗa a bayan idonka.

Kada kuma ku raina mutum don kun gan shi cikin gumi. Da gumin masu haƙa da direbobi da 'yan dako da mata masu daka aka gina gidajen da kuke kwana a ciki, kuma gumin neman halal abin alfahari ne a wurin duk mai hankali. Ku sha ruwa don ku samu abin da za ku zubar, ku yi aiki har ku zubar da shi, sa'an nan ku wanke jikinku kafin ku shiga cikin jama'a, ku kuma koya wa ƙannenku tun kafin balaga ta riske su. Allah ya ba ku lafiya mai amfani, ya tsare ku daga sharrin zafi da ƙishi, ya tsarkake zahirinku da baɗininku, ya sa ku zama sanyin idon iyayenku. Amin.